Abin da Mardiya Ta Rubuta a Shafi na Tara

Malama Rahamatu ta yi shekara goma sha ɗaya tana koyar da lissafi a wata ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo, a wani ƙauye da ke yankin Birchi. A Kurfi take zaune da mijinta da 'ya'yanta huɗu. Kullum da safe ɗan kabu-kabu yake kai ta, bayan azahar ya dawo da ita. Ita kaɗai ce malamar lissafi a makarantar, daga aji ɗaya har aji uku, kuma ba ta taɓa neman a canza mata wuri ba, ko a lokacin da hanyar ta fara ba mutane tsoro.

Babbar ƙawarta ita ce Mardiya. Tun a kwalejin ilimi ta Dutsin-Ma suka haɗu, ɗaki ɗaya suka zauna, tukunya ɗaya suka riƙa ɗorawa har suka gama. Mardiya ta karanta kwamfuta, ta samu koyarwa a cikin garin Dutsin-Ma. Mace ce mai kaifin kai da saurin baki, ga Turanci kamar ruwa. Ranar da Rahamatu ta yi haihuwar fari, Mardiya ce ta wuni a ƙofar ɗakin haihuwa tana kai da kawowa.

Da aka rufe makarantu a shekarar korona, Rahamatu ta yi wata biyu a gida tana tunanin yaranta. Ta san halin lissafi: yaro ya yi wata uku bai taɓa shi ba, sai a koma da shi farko. Wata rana suna hira a waya ta faɗa wa Mardiya damuwarta.

"To ki zo mana," in ji Mardiya. "Ke ki koyar, ni in ɗauka. Ina da kwamfuta, wayata kuma tana ɗaukar hoto da kyau. Mu tura musu."

"A ƙauyen nan wa ke da babbar waya?"

"Yayyensu suna da ita. Da me kike tsammani suke kallon fim?"

Haka suka fara. Ranar Asabar Rahamatu ta shiga mota zuwa Dutsin-Ma. Suka jingina allon katako a bangon tsakar gidan Mardiya, suka ɗaure waya a jikin kujera da ƙyalle. Darasin farko sai da suka maimaita shi sau bakwai, don da zarar Rahamatu ta fara magana sai zakaran maƙwabta ya yi cara, su duka su fashe da dariya. Da Hausa take bayani, tana kawo misali da tiyar gero da buhun wake. Mardiya kuma ta zauna ta yanke, ta gyara murya, ta matse bidiyon ya zama ƙarami yadda ba zai cinye wa mutum data ba.

Da aka yanke sabis na waya a yankin a shekara ta gaba, ba su tsaya ba. Mardiya ta riƙa zuba darussan a memori, Rahamatu ta kai wa masu cajin waya a kasuwa, su kuma su tura wa duk wanda ya nema. Yaran da iyayensu suka hana zuwa makaranta saboda nisa da tsoron hanya, yawancinsu mata, suka riƙa kallo a gida. Tambayoyinsu na zuwa a rubuce a yagaggun takardu, ta hannun 'yan ajinsu. Rahamatu ta tara su, Asabar ta amsa su a gaban waya. Cikin shekara biyu suka haɗa darasi ɗari da talatin da shida.

Amma duk wannan ƙari ne a kan aikinta na aji. Akwai wani rukuni na 'yan aji uku, su talatin da takwas, da ta ɗauka da zafi, don su ne rufe makaranta ya fi yi wa illa. Takan ce su kalli darasi a gida, washegari ta sake yinsa da su a allo, ta bi su tebur-tebur tana duba littafi. Kwana uku a mako takan tsaya da su bayan an tashi, a gindin bishiyar bedin da ke bayan ofis. Da sakamakon jarabawarsu ya fito, talatin da ɗaya suka ci lissafi. Makarantar ba ta taɓa ganin irin haka ba. Shugaban makarantar, Malam Alu, dattijo mai shiru-shiru, sai da ya sayo lemo ya raba wa malamai.

A wannan lokacin ne wata ƙungiya mai tallafa wa ilimi ta ji labarin darussan. Mardiya suka fara samu, kuma ita ta ci gaba da magana da su, don ita ke da kwamfuta da imel. Rahamatu ba ta ga komai a ciki ba.

"Ƙawata, turo min hoton takardar sakamakon yaranki," Mardiya ta ce mata wata rana. "Ina haɗa musu rahoto ne, ina so su ga abin da muka yi."

Nan take ta ɗauki hoton ta tura, har da murnarta.

Ƙungiyar ta amince. Aka zaɓi makarantun ƙauye goma sha biyu tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma, har da ta su Rahamatu, aka kai wa kowace babban talabijin da farantin sola da batir, aka zuba darussan a ciki. Aka naɗa Mardiya jami'ar shirin, ta ajiye koyarwa, aka ba ta ofis. Ranar buɗe shirin an gayyaci Rahamatu, an kira sunanta a lasifika, an tafa mata. A farkon kowane bidiyo kuma ga sunanta nan da manyan baƙaƙe. Ta dawo gida tana ce wa mijinta, "Mardiya ta yi mini halacci, Malam. Wata ce da sai ta goge sunana."

Makon farko na sabon zango, Malam Alu ya aika a kira ta ofis. Ta same shi da takarda a gabansa, yana juya ta.

"Malama, zauna. Wannan ta zo jiya daga ofishin ilimi."

Takardar canjin wurin aiki ce. An mayar da ita wata makaranta a cikin garin Kurfi.

"Ni ban nema ba, Malam. Wa za a kawo madadina?"

"Ba kowa."

"Ba kowa kamar yaya? Wa zai koyar da lissafi?"

Malam Alu ya nuna ajin da aka kafa talabijin da haɓarsa. Sannan ya jawo aljihun tebur ya fiddo wasu takardu da aka ɗinke.

"Na je na yi magana, wallahi na yi. Sai suka ba ni wannan, suka ce da shi aka yi aiki. Duba shafi na tara."

Rahoton Mardiya ne, da Turanci. Rahamatu ta buɗe shafin. Ga hoton takardar sakamakon da ta tura da hannunta. A ƙasansa an rubuta cewa waɗannan ɗalibai talatin da takwas sun yi shekarar ne da darussan bidiyo kaɗai, ba tare da malamin lissafi a aji ba, kuma talatin da ɗaya sun ci. Saboda haka, in ji rahoton, makarantar da aka kai wa na'ura ba ta buƙatar ƙwararren malamin lissafi. Kowane malami zai iya kunnawa ya kula da aji, su kuma ƙwararrun a mayar da su makarantun gari inda ɗalibai suka yi yawa.

Ta karanta sau biyu. Ta duba shafin ƙarshe ko wani ne ya rubuta. Sa hannun Mardiya ne, wanda ta sani tun suna rubuta suna a takardar halartar lacca.

"Malam, kai shaida ne. Akwai ranar da ban shiga ajin nan ba?"

"Ni kike tambaya? Ni da nake bar miki mabuɗin ofis in tafi gida?"

Ba ta kira Mardiya a waya ba. Washegari da hantsi ta shiga motar Dutsin-Ma, ta tafi ofishin kai tsaye. Ɗaki ne mai fanka da labule, ga kwalayen na'urori a jere. Mardiya ta miƙe da fara'a.

"A'a, yau manyan baƙi! Ba ko waya?"

Rahamatu ta ajiye rahoton a kan tebur, a buɗe a shafi na tara. Fara'ar ta tafi. Mardiya ta rufe ƙofa ta dawo ta zauna.

"Na so in faɗa miki da kaina."

"Yaushe?"

"Rahamatu, ki tsaya ki ji. Mutanen nan ba za su saka hannu a abin da ke buƙatar malami ba. Sun faɗa mini ƙarara. Suna neman abin da zai yi aiki inda babu malami. Da na rubuta cewa kina cikin ajin, da sun ce to ai ƙoƙarin malama ne, su tattara su tafi. Makaranta tara cikin sha biyun nan ba su da malamin lissafi ko ɗaya. Yanzu suna da ke."

"Suna da hotona."

"Ya fi babu."

"Ya fi babu a can. A makarantata fa? Su da suke da malama, kin cire musu ita."

"Ban san ofis zai ɗauki maganar da sauri haka ba." Sannan Mardiya ta ƙara da cewa, "Kuma ki dubi abin da idon basira. Kin dawo gida. Ba hawa mashin, ba fargabar hanya. Sau nawa mijinki, Baban Ubaidu, yake min ƙorafi a kan hanyar nan? Da aka tambaye ni inda za a kai ki, ni na ce Kurfi."

Wannan maganar ta fi rahoton yi wa Rahamatu zafi.

"Ashe har an tambaye ki."

Rahamatu ta dafa teburin, ta ci gaba.

"An tambaye ki inda za a kai ni, kin ba da amsa, kuma makon jiya kina gidana muna cin ɗanwake, ba ki ce min komai ba. Mardiya, yaran nan kin san su. Ke kike karanto min tambayoyinsu. Kin san ranar da na zo nan muryata a dishe saboda na wuni da su a gindin bedi, har kika dafa min citta. Da wane hannu kika rubuta cewa ba ni cikin ajin?"

"Jimla ɗaya ce, Rahamatu."

"Jimla ɗaya ce, i."

Ta ɗauki rahoton, don na Malam Alu ne, ta fita. Mardiya ta biyo ta har bakin titi tana kiran sunanta, ba ta waiwaya ba. A cikin mota ta rufe fuska da hijabi ta yi kuka, wata tsohuwa da ke kusa da ita tana ta yi mata ta'aziyya, a zatonta rasuwa aka yi.

Ta kama aiki a Kurfi. Aji ɗaya yara casa'in da wani abu, wasu a ƙasa, wasu a taga. Bayan mako uku ta koma tsohuwar makarantarta don ta kwashe littattafanta ta miƙa rajista. Ta isa ana tsakiyar darasin lissafi na sababbin 'yan aji uku. Tun daga nesa ta jiyo muryarta tana fitowa ta taga. Ta tsaya a bakin ƙofa.

Malam Manu, malamin Hausa, shi aka ɗora wa kula da ajin. Yana zaune a gefe da rimot a hannu. Yara sun yi tsit suna kwafa. A talabijin, hannunta na rubutu a allon katakon gidan Mardiya.

Darasi na arba'in da bakwai ne, ta gane shi nan da nan. Akwai kuskure a cikinsa. Ranar da suka ɗauke shi ta gaji, ta manta alamar ɗebewa a layi na uku, amsa ta fito goma sha huɗu maimakon biyu. Ta sha ce wa Mardiya su sake shi, Mardiya ta ce sai an samu lokaci. A ajinta abin bai taɓa zama matsala ba, har wasa ta mayar da shi: takan ce, "Malama ta yi kuskure a nan, wa zai kama ta?" yara su yi ta rige-rige.

Yanzu ta ga kai arba'in sun sunkuya suna rubuta goma sha huɗu.

Wata yarinya a layin gaba, Hasana, ta ɗaga hannu.

"Malam, ni biyu na samu."

Malam Manu ya dubi talabijin, ya dube ta. "To ki sake dubawa. Ai ga abin da Malama ta samu."

Yarinyar ta sa biro ta soke amsarta.

Rahamatu ta yi sallama ta shiga. Yara suka miƙe da ihu. Ta roƙi Malam Manu ya tsayar da bidiyon, ta nemi alli, aka rasa, sai da aka aika ofis. Ta gyara layin a allo, ta ce wa Hasana ta mayar da amsarta. Minti goma ta ce za ta yi, sai da aka buga ƙararrawar tashi tana tsaye. Malam Manu ya rako ta waje yana ba ta haƙuri.

"Malama, ni lissafin nan tun ina firamare muka raba gari. Cewa aka yi in kunna in kashe."

"Ba laifinka ba ne, Malam."

A makon nan ta rubuta wa ƙungiyar wasiƙa. Ba ta zagi kowa ba. Ta faɗi cewa abin da ke shafi na tara ba gaskiya ba ne, ta bayyana yadda aka koyar da ajin, Malam Alu ya sa hannu a matsayin shaida. Wani mai shagon kwamfuta a Kurfi ya tura mata ta imel. Bayan kwana goma amsa ta zo, layi biyu: sun gode, kuma sun miƙa ƙorafin ga jami'ar shirin ta yankin don ta duba.

Ranar Juma'a da la'asar jami'ar shirin ta zo gidan da kanta, da wasiƙar a buge a takarda. Rahamatu ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa. Yara suka zo suka gaida Anti, aka kore su waje.

"Sun ce in rubuta bayani," in ji Mardiya. Idanunta sun faɗa, ga alama ba ta samu barci sosai ba kwanakin nan. "Idan kika tsaya a kan maganar nan, aikina zai tafi. Wannan ba komai ba ne. Amma za su iya kwashe na'urorin daga makarantun duka. Ki rubuta musu cewa rashin fahimta ce. Ni kuma na yi miki alkawari zan san yadda za a yi ki koma."

"Ke za ki mayar da ni?"

"Zan yi ƙoƙari."

"Kamar yadda kika cire ni."

"Don Allah, Rahamatu. Shekara nawa muke tare?"

"Ashirin ba ɗaya. Na ƙirga su a mota ranar nan." Rahamatu ta gyara zama. "Ba zan rubuta cewa na yi ƙarya ba, don ban yi ba. Ba kuma zan sake rubuta musu wata wasiƙa ba, saboda yaran makarantun can tara. Ke aka ce ki rubuta bayani. Ki rubuta abin da kika ga za ki iya tsayawa da shi gaban Allah."

Mardiya ta daɗe tana kallon takardar. Sannan ta ce, a hankali, akwai maganar darussan babbar sakandare da ƙungiyar ke so a fara ɗauka, kuma sunan Rahamatu ta bayar.

"Ki cire shi."

"Babu wanda zai yi kamar ke."

"Ki cire shi, Mardiya."

Ta raka ta har zaure, kamar yadda ake yi wa kowace baƙuwa, ta dawo.

Rahamatu ba ta taɓa ganin bayanin da Mardiya ta rubuta ba. Abin da ta sani shi ne ba a kwashe na'urorin ba, ba a kuma sake tuntuɓarta ba. Ta ari wayar mijinta, ta sake ɗaukar darasi na arba'in da bakwai a bangon ɗakin girkinta, da wasu uku da ta san suna da gyara. Hoton na rawa, murya na shiga da kukan awaki. Ta zuba a memori ta aika wa Malam Alu, ya sa aka kunna wa yara. Sauran makarantu goma sha ɗaya suka ci gaba da kallon tsohon.

Ta rubuta takardar neman komawa tsohuwar makarantarta sau biyu. An ce mata ana dubawa.

Da shekara ta zagayo, Malam Alu ya kira ta a waya tana tsakiyar aji. Ta fito baranda. Ya ce sakamako ya fito: cikin yara arba'in da ɗaya, goma sha uku suka ci lissafi. Hasana na cikinsu. Ya ce ya tura wa ofishin shirin takardar da kansa, bai sani ba ko za ta shiga rahoton bana.

"Ita Malama Mardiyar ma an ce an ƙara mata girma," ya ce. "Katsina za ta koma. Ta kira ki kuwa?"

"Ta kira."

"Kun yi magana?"

"Ina aji lokacin, Malam."

Ya ce Allah ya kyauta. Ta ce amin, ta gaishe shi da iyali, ta kashe wayar. A cikin aji hayaniya ta riga ta tashi, yara biyu na faɗa a kan benci. Ta shiga ta raba su, ta ce kowa ya buɗe littafinsa, ta fara bin layin farko tana duba aikin gida.